Jiki Da Sauƙi

Duk wanda ya tashi cikin Hausawa ya san cewa tambayar “Yaya jiki?” amsa ɗaya gare ta. Ko ciwon kai majiyyaci yake yi, ko kuwa ya kwana bakwai bai san inda kansa yake ba, abin da za a ce maka shi ne, “Da sauƙi.” Mai jinya zai faɗe ta idanunsa jawur saboda rashin barci, majiyyacin ma in yana iya buɗe baki ita zai faɗa, kai kuma mai dubiya ka amsa da “Allah ya ƙara sauƙi,” ka ajiye ɗan abin da ka riƙo, ka tashi. Babu wanda ya yaudari wani a wannan zama, domin idonka ya riga ya ba ka labarin da baki ya sakaya. Ka ga rama, ka ji yadda numfashi yake fita, ka dubi mutanen gida, kuma masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Wannan ɗabi'a tana da tushe mai kyau. Bahaushe yana jin nauyin kai ƙarar Ubangijinsa wurin bayi, yana kuma ganin cewa duk tsananin da ake ciki akwai wanda ya fi shi, saboda haka godiya ta wajaba. Ya yarda fata nagari lamiri ne, kuma ya san majiyyaci yana da kunne, abin da aka faɗa a kansa yana iya tsinka masa gwiwa ko ya ƙarfafa ta. Ashe ke nan “da sauƙi” addu'a ce da godiya da lallashi aka dunƙule wuri ɗaya. A bakin gadon mara lafiya babu kalmar da ta fi ta dacewa.

Inda gizo yake saƙa shi ne idan mai tambayar yana nesa. Ba ya ganin fuska, ba ya jin numfashi, abin da ya shiga kunnensa kaɗai ne jarinsa. Shekara da shekaru an saba rage wa na nesa nauyin labari da mataki guda. In an ce masa wane yana ɗan jin jiki, to yana kwance. In an ce jiki ya matsa, to an fara fid da rai. In kuwa aka ce ya yi ƙoƙari ya zo gida ana nemansa, sau da yawa an riga an dawo daga maƙabarta. Kowa ya san wannan lissafi, har da shi wanda ake yi dominsa. Saboda haka duk abin da aka gaya masa sai ya ƙara mataki guda da kansa, wani lokaci biyu. Ta haka kalmar da aka yi domin ta kwantar da hankali ta zama mai tayar da shi, har ya kasance ran da sauƙin ya samu da gaske, aka faɗa, ba a yarda ba.

A zamanin iyayenmu jinkirin hanya yana rufa wa wannan dabara asiri. Wasiƙa ake rubutawa a kai tasha a damƙa wa direba, ko a buga tangarahu, ko a ba da sallahu ga fatake, kafin saƙo ya isa kwanaki sun shuɗe, kuma mai karɓa ba shi da wata kafar da zai gwada gaskiyarsa da ita. Daga shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya, hanya ta gajarce, amma kalmomin suna nan yadda suke. Yau kawunka zai ce maka da sauƙi, kafin ka mayar da waya aljihu wani ɗan unguwarku ya sa hoton mahaifinka a Facebook yana roƙa masa addu'a. Mun san ɗalibai da suka fara jin rasuwar iyayensu ta wannan hanya, suna zaune cikin aji.

Ƙasar nan ɗungurungum ta taɓa ɗanɗana irin zaman da na nesa yake yi. Ranar 23 ga Nuwamba, 2009, aka tafi da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa asibiti a Jidda. Aka shafe makonni babu wanda ya ga fuskarsa ko ya ji muryarsa, sai dai a ce yana samun sauƙi. Jita-jita ta cika kasuwa da masallaci, har wasu suka ce ya rasu. Sai ranar 12 ga Janairu, 2010, aka ji muryarsa a BBC. Ranar 9 ga Fabrairu Majalisar Tarayya ta ba mataimakinsa, Goodluck Jonathan, riƙon ƙwarya. Ranar 24 ga watan aka dawo da shi Abuja cikin dare. Ranar 5 ga Mayu Allah ya karɓi abinsa, aka binne shi a Katsina. Allah ya jiƙansa. Abin da muka tsinta daga waɗannan watanni shi ne, duk inda aka bar gurbin labari a buɗe, zato ne yake cike shi, kuma zato bai iya rangwame ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Mu uku da muka haɗu muka yi wannan rubutu 'yan Doma ne da karatu ya kawo Lafiya. Doma gari ne na Alago, mazaunin Andoma, wanda yake kudu maso yamma da Lafiya, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota. Yana cikin Jihar Filato har zuwa ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa. Ƙasa ce ta doya da riɗi da shinkafa da agushi, kuma Hausawa sun daɗe da zama a cikinta, ana auratayya ana cin kasuwa tare. Ko wanda bai taɓa taka garin ba ya san sunansa a karin magana: abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Muna da aboki na huɗu, tare muka yi allo da firamare da sakandare, amma shi rabonsa ya kai shi jami'a a Sakkwato. Tsakaninsa da gida akwai Akwanga da Keffi da Abuja da Kaduna da Zariya da Funtuwa da Gusau, watau yini guda cur a mota in hanya ta yi kyau. Mahaifinsa ya rasu tun muna yara. Mahaifiyarsa, wadda dukkanmu muke kira Inna, ita ta yi ta sayar da hatsi har ya kai inda ya kai.

A tsakiyar Janairun 2023 ya zo gida ya yi 'yan kwanaki, ya koma domin jarrabawarsa ta ƙarshe ta gabato. Bayan tafiyarsa da kamar mako guda Inna ta kwanta da zazzaɓi. Aka ɗauka na cizon sauro ne, aka sha magani, bai sauka ba. Sai ciwon maƙogwaro da amai da kasala suka biyo baya. Aka kai ta asibiti a Doma, daga can aka turo ta Lafiya, likita ya duba ya ce yana zargin zazzaɓin Lassa. Nan take aka keɓe ta, aka ɗebi jininta aka aika gwaji, aka kuma fara mata magani tun kafin sakamako ya dawo.

Ya kamata mai karatu ya san irin abokin gabar da aka ambata. An fara gane wannan cuta ne a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, inda ta samo sunanta. A 1970 ta ɓulla a wani asibitin mishan a Jos, har ta kashe likitar da take kula da masu ita, Dakta Jeanette Troup. Wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa ne yake ɗauke da ƙwayar, yana zuba ta cikin fitsari da kashi a kan hatsi da shanya da kwanukan da aka bari a buɗe, kuma tana ratsawa daga mutum zuwa mutum ta jini da sauran ruwan jiki. Ta fi yawa da rani. Tana iya ɓuya a jiki har kwana 21 kafin ta nuna kanta. Kusan takwas cikin goma na masu kamuwa ba sa jin jiki sosai, amma in ta yi tsanani takan taɓa ƙoda da hanta, ta kawo kumburin fuska da zubar jini. Maganin da ake ba masu ita, ribabirin, ya fi amfani in an fara shi a kwanakin farko. Wahalarta ita ce da kayan zazzaɓin cizon sauro take fara sallama, shi ya sa ake makara.

A daren da aka keɓe Inna, Kawu, wanta, ya tara mu a harabar asibiti, domin ya san ta bakinmu ɗanta yake jin gida. Ya ce, “Ku saurara, yaran nan. Abokinku jarrabawar fita yake fuskanta. In kun gaya masa, ba zai warkar da ita ba, kuma ba zai iya karatu ba, an yi ba tsuntsu ba tarko ke nan. In ya kira ku ce ɗan zazzaɓi ne, da sauƙi. In ya gama sai a gaya masa.” Maganar dattijo ce, kuma tausayi ne ya haife ta. Shi kansa haka aka yi masa sa'ad da mahaifinsu yake jinya yana can wurin fatauci, kuma bai taɓa ganin laifin waɗanda suka ɓoye masa ba.

Babbanmu ya durƙusa ya ce, “Kawu, Allah ya ƙara girma, maganarka dutse ce. A yi mana izini mu faɗi abin da muke tsoro.” Da ya ba da izini sai muka jera masa uku. Na farko, gobe ma'aikatan lafiya za su je gida su rubuta sunayen duk wanda ya taɓa Inna, unguwa za ta gani, kuma kowane yaro a unguwar yana da lambar abokinmu. In bai ji daga gare mu ba zai ji daga wanda bai san tsawon zancen ba balle faɗinsa. Na biyu, shi ma daga rumbun da Inna ta ci ya ci, kuma bai cika kwana 21 da barin gidan ba. In zazzaɓi ya kama shi a Sakkwato alhali bai san abin da ake ciki ba, maganin cizon sauro zai saya ya sha, ya kwanta cikin ɗalibai shida a ɗaki ɗaya. A nan karin maganar garinmu ta tashi daga zance ta zama gargaɗin likita. Na uku, in Allah ya yi ikonsa muna ce masa da sauƙi, har abada ba zai ƙara gaskata bakinmu ba, ko a kan abin farin ciki ne.

Kawu ya yi shiru har muka ɗauka ransa ya ɓaci. Can ya nisa ya ce, “Ciwon nata ne, ɗan ma nata ne. A tambaye ta.” Wannan hukunci ya fi duk hujjojinmu nauyi, domin labarin ciwo sirrin mai ciwo ne, shi yake da ikon cewa a faɗa ko a rufe muddin yana cikin hayyacinsa. Da gari ya waye wata nas ta taimaka ta kara mata waya a kunne, mu muna tsaye ta bayan taga. Abokinmu ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunansa, ko a waya ma gaisuwarsu ba ta wuce kalma biyar saboda kunya. Muryarta a dushe ta ce, “Ku gaya wa abokinku. Amma ku ce na ce kada ya taso sai ya gama abin da ya kai shi.”

Bayan sallar isha'i muka kira shi. Muka fara tambayar inda yake da wanda yake kusa da shi, muka ce ya samu wuri ya zauna. Daga nan muka faɗi sunan cutar ƙarara, da ranar da ta fara, da inda Inna take, da abin da ake yi mata. Ya daɗe bai ce uffan ba. Da ya buɗe baki abin da ya fito shi ne, “Ku gaya mini tsakaninku da Allah, tana da rai?” Ka ji aikin tsohon lissafin nan: mun faɗi gaskiya ɗungum, shi kuwa ya ƙara mata mataki. Muka ce, “Tana da rai, da safen nan muka ji muryarta, kuma ga saƙonta.” Da ya ji saƙon, ya ji an ce “abokinku,” sai ya gane bakin uwarsa ne, domin babu wanda zai ƙago wannan.

A wannan dare muka ƙulla yarjejeniya da shi. Kowace rana bayan isha'i za mu kira, ko da akwai sabon labari ko babu, don kada shirunmu ya zama masa abin fassara. Mutum ɗaya ne zai riƙa magana, don kada baki uku su ba shi labari uku. Za mu raba masa zance kashi-kashi: ga abin da likita ya ce, ga abin da muka gani da idonmu, ga abin da ake jira ba a sani ba tukuna. In abu ya juya, komai dare za mu tashe shi, saboda haka muddin waya ba ta yi ƙara ba yana iya barci. Sa'an nan muka yi masa alkawarin da ya fi kowanne wuya, cewa kalmar “da sauƙi” ba za ta fito daga bakinmu ba sai ranar da sauƙin ya tabbata.

Da muka ajiye wannan kalma sai muka ga ashe dole mu nemo abin da za mu sa a gurbinta, kuma neman ya tilasta mana lura. Muka koyi tsayawa mu jira likita ya gama zagaye mu yi masa tambaya cikin ladabi. Muka sayi ɗan littafi muna rubutawa. Labarinmu ya koma irin wannan: yau zafin jiki 39 ne da safe, ya sauko 38 da yamma, ta sha kunu cokali biyar bai dawo ba, ta tambayi ko an rufe buhunan gero, sakamakon gwaji ya iso, Lassa ce. Wani zai ce waɗannan ƙananan abubuwa ne. Ga wanda yake Sakkwato kuwa, su ne idanunsa. Cokali biyar na yau da cokali biyu na jiya suna ba shi abin aunawa da kansa, ba sai ya tsaya yana auna muryarmu ba.

Daren da ya fi tsanani shi ne na kwana na biyar da kwantar da ita. Fuskarta ta kumbura, fitsari ya ragu ƙwarai, likita ya ce cutar ta taɓa ƙoda, in ba a ga canji ba sai an yi wankin ƙoda. Washegari kuma abokinmu yana da jarrabawa da ƙarfe tara. Muka zauna a kan benci muna duban waya kamar garwashi. Amma alkawari kaya ne, kuma mun san in ya ji muryarmu ta canza alhali kalmominmu ba su canza ba, duk abin da muka gina ya rushe. Muka gaya masa yadda likita ya faɗa, ba ragi ba ƙari, ba mu yi masa duba ba, domin ranar mutuwa da ranar warkewa ba a hannunmu suke ba. Ya ce tasha zai tafi yanzun nan. Muka tuna masa da halin da hanyar Gusau zuwa Funtuwa take ciki da dare, da cewa ko ya iso iyakarsa bayan taga, da kuma umurnin Inna. Ya yi kuka mai isarsa, muna riƙe da waya ba mu katse shi ba. Da safe ya shiga jarrabawa. Daga baya ya gaya mana cewa abin da ya ba shi ikon riƙe alƙalami shi ne sanin cewa babu wani abu a bayan abin da aka gaya masa.

Mun kuma lura cewa damuwar da ba ta da aikin yi ita ce take cin mai ita. Saboda haka muka riƙa ba shi nasa kason. Ya je asibitin makaranta ya faɗi abin da ake ciki, ya riƙa auna zafin jikinsa safe da yamma har kwanakinsa suka cika lafiya. Lokacin kuwa ya zo daidai da canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mutane suna kwana a layin banki, ga mai jinya kuma ba ya rabuwa da ƙananan saye-saye. Abokinmu ne daga Sakkwato ya riƙa bin 'yan'uwa da abokan arziki ta waya yana tara gudummawa, shi ya samo ɗan kasuwar da ya yarda a tura masa kuɗi ya ba mu tsaba a Lafiya. Ƙanwarsa da ta yi jinya tun a gida tana cikin waɗanda ake sa wa ido na kwana 21, mutane sun ɗan ja jiki da gidan, sai ya zama shi ne mai kiranta kullum da hantsi yana ɗebe mata kewa. Wanda ake lallashi ya koma mai lallashi.

Allah cikin ikonsa, ƙodar ta farfaɗo ba tare da an kai ga wanki ba. Kumburi ya saɓe, zazzaɓi ya sauka ya zauna ƙasa kwana uku a jere, Inna ta tashi zaune ta nemi tuwo. A dare na goma sha biyu, da ya ɗauki waya ya ce, “Yaya jikin Inna?” mai maganarmu ya ce, “Da sauƙi.” Ba mu ƙara komai ba, shi ma bai nemi ƙari ba. Sai muka ji waya ta faɗi, muka jiyo kabbara daga nesa. Kalmar da ya ji sau dubu a rayuwarsa ba ta taɓa yi masa nauyi irin na wannan dare ba, saboda an ajiye ta har ranarta ta zo.

Duk da haka aikinmu bai ƙare a nan ba. A kwanakin murmurewa aka lura ana yi wa Inna magana ta dama ba ta juyowa. Likita ya ce kurumta tana cikin abin da Lassa take bari, tana samun kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu na waɗanda suka tashi, wasu jinsu yakan dawo bayan watanni, wasu kuwa shi ke nan. Kunnenta na dama ya toshe, na hagu ya yi rauni. Ga shi abokinmu yana ɗokin a sallame ta ya ji muryarta. Da mun bari ya kira yana sallama ana ce masa “Wa ke magana?” da farin cikinsa ya koma ciki. Muka riga shi, muka gaya masa tun da wuri, muka koya masa ya yi magana a hankali da ƙarfi, a kara mata ta hagu. Labari mai daɗi ma yana da ƙaya, kuma ita ma amana ce a nuna inda take.

Kada mai karatu ya ɗauka muna kira ne a watsar da al'ada. Duk tsawon jinyar nan, maƙwabta da abokan kasuwa da suka tare mu a hanya “da sauƙi” muka ce musu, kuma daidai ne, domin addu'arsu muke bukata, ba su da hakki a kan adadin fitsarin Inna. Ita kanta ta bayan taga “sannu, Allah ya ƙara sauƙi” muke ce mata. Cikakken bayani hakkin mutum biyu ne: wanda zuciyarsa take ɗaure da majiyyacin, da wanda zai yanke shawara bisa abin da ya ji, ko ta tafiya, ko ta kuɗi, ko ta lafiyar kansa. Su ma ba a watsa musu shi kamar ruwan wanki. Gaskiya magani ce, tana da awo da lokacin sha, ana duba ko mai shan yana zaune ko yana tsaye, yana da kowa kusa ko shi kaɗai ne. Amma bambanci yana nan tsakanin auna magani da musanya shi da ruwan sukari.

Abin da ya sa muka kawo wannan zance cikin mujallar ɗalibai shi ne, yawancinmu a nan na nesa ne. Kowannenmu ya baro tsoho ko tsohuwa a wani gari, kuma kowannenmu gabansa yakan faɗi in ya ga kiran gida a lokacin da ba a saba ba. Wata rana kai ne za a ɓoye wa, wata rana kai ne za a ce ka ɓoye. Shawararmu ita ce tun ana lafiya kowa ya zaɓi mutum ɗaya a gida, ya zauna da shi, su yi alkawari cewa in rana ta ɓaci zai faɗa masa abu yadda yake. In kuma kai aka zaɓa, ka sani an ɗora maka kaya mai nauyi: za ka je ka gani da idonka, ka tambayi masu sani, ka nemi yardar mai ciwo da ta manya cikin ladabi, ka kira a kan lokaci, ka faɗi abin da ka sani ka tsaya a nan. An ce zumunci a ƙafa yake. To, idan ƙafar ɗan'uwanka ba za ta iya isowa ba, taka ce tasa, idonka ne nasa.

Abokinmu ya gama jarrabawarsa ya iso Doma kafin zaɓen watan Fabrairu, ya tarar da Inna a tsakar gida tana ba da umurni a toshe ramukan ɓeraye, a sayo randuna masu murfi. Jin kunnenta na hagu ya dawo bayan 'yan watanni, na dama bai dawo ba. Kawu kuwa, da nasa ciwon ƙafa ya tashi bayan shekara guda, da kansa ya kira ɗayanmu ya ce a gaya wa 'ya'yansa da ke Kano yadda abin yake, a yi musu irin na wancan karon.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya saka wa masu jinya da ma'aikatan da suke sa rayukansu cikin haɗari domin wasu su tashi. Ya kwantar da hankalin duk wanda yake nesa yana jiran kira, Ya kuma ba masu kai labari harshe mai gaskiya da tausayi. Amin.